Ɗaki na Biyu a Sibiu

Sibiu, 9 ga Satumba

Zuwa ga Goggona Veturia,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, gwiwar nan taki ta yi sauƙi, kuma tsohuwar da kike jinya, Sinyora Ermelinda, tana barin ki ki huta. Ni lafiyata ƙalau, har na ɗan yi kumatu.

Goggo, kafin ki ci gaba, juya ambulan ki duba tambarin. Ba daga Rotterdam takardar nan ta fito ba. Na dawo gida. Yau kwanana goma sha tara a Sibiu. Ban gaya miki ta waya ba don na san halinki: za ki ce "to," ki ce tsohuwa na kira, ki kashe, sannan ki wuni kina saƙa da warwara. Ke kika ɗora ni a kan rubuta wasiƙa tun ina 'yar shekara goma sha biyu, ranar da kika shiga motar Italiya kika bar ni hannun Baba. Kika ce maganar waya iska ce, ta takarda ita ce magana. To ga magana.

Na bar ofis, Goggo, kuma ba na jin zan sake komawa ofis a rayuwata. Shekara shida ina fita da duhu ina dawowa da duhu, ruwa na dukana a kan keke, ban san sunan maƙwabcina ba har na taso. Yanzu na kama haya a unguwar Terezian, hawa na uku, da an tsallaka kogi sai kasuwar Cibin. Da safe in na buɗe taga duwatsun Făgăraș ne ke fara gaishe ni. Na manta haka suke kusa.

Ranar da na tare, ina hawa da akwati, wani dattijo ya tare ni a matakala. Sunansa Baba Ilarie, tsohon direban bas ne, yana hawa na biyu. Ya ƙare mini kallo ya ce, "'Yar nan, ke ce sabuwar sama? Daga ina?"

Na ce daga Holan.

Ya ce, "Ikon Allah. Kowa na gudu can, ke kina gudowa nan? Wani kika kashe?"

Na ce a'a.

"To miji kika gudo wa?"

Na ce ba ni da shi.

Ya ce, "Kin huta. Ajiye akwatin nan ki kama mini buhun tattasai."

Haka na wuni a tsakar gida da shi da matan benen muna gasa tattasai da yalo na zakuska, miyar nan da ake ɗurawa a kwalba don lokacin sanyi. Yatsuna suka yi baƙi ƙirin, hayaƙi ya sa ni hawaye, aka sallame ni da kwalba huɗu. Rabona da wannan ƙamshin tun mahaifina na da rai.

Ki rubuto da wuri. Adireshin na bayan ambulan.

'Yarki,
Ruxandra


Cuneo, 24 ga Satumba

Ruxi 'yata,

Na gaishe ki, na kuma gode wa Allah da kike lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika san ta. Tsohuwa ta fara ƙin abinci, sai romo cokali uku, shi ma sai da lallashi.

Na karanta takardarki sau uku, na ajiye, na sake ɗauka. "Na bar ofis." Ruxi, ni za ki yi wa wayo? Mutum ba ya barin ofis, ofis ne ke barin mutum. Ranar da aka rufe masaƙar darduma a Cisnădie, da na dawo gida ce wa babanki na yi na gaji da aikin ne, zan huta. Ya dube ni, ya je ya ɗora mini shayi. Saboda haka na san irin wannan maganar, a bakina aka fara yin ta.

In korar ki suka yi, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ki ɓoye mini, ki rufe da labarin duwatsu da tattasai. Duwatsun nan suna nan lokacin da muke bin layin burodi tun asuba, suna nan lokacin da kowa ke sayar da kayan ɗakinsa yana neman mota. Ban ga sun ciyar da kowa ba.

Mahaifiyarki ta rasu kina goye. Ni ban haifa ba, ke ce rabona. Ban yi shekara ashirin da biyu ina wanke tsofaffin wasu ba don ki yi karatu mai zurfi ki koma inda na baro kina ɓare yalo da 'yan fansho. Ki gaya mini gaskiya: me ya faru? Da me kike ci? In da takardun da za a gyara a sake nema, a gyara tun ƙafa ba ta yi sanyi ba.

Wannan direban kuma ki yi hankali da shi. Duk dattijon da ya fara tambayar miji tun a matakala, yana da ɗa ko ɗan ɗan'uwa da ya rasa mai ɗauka.

Gidan da kika kama, ɗaki nawa ne? Akwai ɗumi? Tambaya kawai nake yi.

Goggonki,
Veturia


Sibiu, 10 ga Oktoba

Goggona,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Allah ya ba tsohuwa sauƙi, ke kuma ya ƙara miki ƙarfi. Ina lafiya.

Na yi dariya har na ƙware, sannan na ji kunya, don laifina ne da ban yi bayani ba. Ba wanda ya kore ni. Aikina na nan, kamfanin na nan, shugabata ma ita ce dai. Kujerar ce kawai ta yi tafiya. Kin san aikin nawa shi ne kula da manhajar da ke tsara inda kowace kwantena za ta sauka a tashar jiragen ruwa. Ko a can ban taɓa taɓa kwantena da hannu ba, a kwamfuta nake ganin su. Da suka ce kowa na iya aiki daga inda ya ga dama, in dai zai zo sau ɗaya a shekara, sai na tambayi kaina inda na ga dama. Amsar ba ta ɗauke ni minti ɗaya ba. Intanet ɗin nan ma ya fi na can gudu, abokan aikina har haushi suke ji.

Kuma mun riga su da awa ɗaya. Ƙarfe tara nasu goma ce a nan, don haka safiya tawa ce. Nakan bi bakin kogi a keke, wani lokaci har dajin Dumbrava, in biya kasuwa, in dawo in zauna. Goggo, garin da kika bari ba shi ne wannan ba. An gyara matakalan da ke sauka ƙasan gari, an fenta gidajen da kika sani da tsagewa, bas na zuwa a kan lokaci. Amma ba wannan ne ya kama ni ba. Mutanen ne. Ba su canja ba ko kaɗan.

Ranar Asabar na tsaya gaban wata mai sayar da cuku, wata gajeriya mai ɗankwali baƙi. Ta miƙo mini ɗanɗano a bakin wuƙa, sai ta janye hannu ta ce, "Tsaya. Ɗaga fuskarki. Ke jinin gidan Moga ce na Cisnădie?"

Na ce e, 'yar Sabin ce.

Ta dafe ƙirji. "Wayyo ni! Wannan haɓar ta Veturia ce, ko a cikin duhu na gan ta na gane. Tana ina, 'yar banzar nan? Shekara goma sha ɗaya injina na kusa da nata a masaƙa. Ki gaya mata Paraschiva ta ce har yanzu ba ta yafe mata almakashinta ba."

Na ce zan faɗa.

"Ki kuma gaya mata ta dawo haka nan. Tsofaffin Italiya ba za su ƙare ba, ita ce za ta ƙare."

Ta ƙi sakina sai da ta cika mini jaka. Da daddaɗar magana irin wannan, wa zai so barin kasuwa?

Kin tambayi gida. Akwai ɗumi sosai. Ɗaki biyu ne: ɗaya na kwana, ɗaya ƙarami mai taga tana kallon duwatsu, shi na mayar wurin aiki. Na kafa masa doka, ba mai shiga, ba mai ƙwanƙwasawa, ko wane ne. Karo na farko ke nan a rayuwata da nake da ƙofar da zan rufe in san ba kowa a bayanta. Ba ki san daɗin zaman kaɗaici ba, Goggo, bayan shekarun da na yi ina raba kicin da mutum huɗu.

Game da Baba Ilarie kuwa, kin canka. Ɗan ƙanwarsa ne, likitan dabbobi, mai sanƙo. Na ce na gode.

'Yarki,
Ruxandra


Cuneo, 6 ga Nuwamba

Ruxandra,

Na gaishe ki. Ina lafiya. Tsohuwa ta kwanta, likita na zuwa kullum, 'ya'yanta sun iso daga Torino.

Na gane yanzu. Na yi murna aikinki na nan, ki yafe mini zargin da na yi. Tsufa ne. Na kuma yi murna da kika sami ƙofarki. Kin cancanta. Ki riƙe dokarki da kyau, kada ki bari kowa ya karya miki ita.

Ki gaishe da Paraschiva. Ki ce mata almakashin na nan wurina.

Ba ni da lokacin doguwar takarda kwanakin nan. In kika ji shiru kada ki damu.

Veturia


Sibiu, 1 ga Disamba

Goggona,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin tsohuwa? Yaya gwiwa da wannan sanyin? Ni lafiya, sai 'yar mura da ta wuce.

Takardarki gajeriya ce, amma na san hidima ce ta yi miki yawa. Dusar ƙanƙara ta fara sauka shekaranjiya. An kafa rumfunan Kirsimeti a babban dandali, duk garin ƙamshin kirfa da gasasshen nama. Da yamma in na rufe kwamfuta nakan hau can in tsaya kawai ina kallon mutane. Jiya wasu 'yan makaranta suna gwajin waƙoƙin Kirsimeti a gindin hasumiya, wata tsohuwa kusa da ni ta riƙa gyara musu baiti da ƙarfi har malaminsu ya juyo ya ce, "Inna, ko za ki zo ki karɓi sandar jagorar waƙar?" Ta ce, "Da na karɓa da tuni sun iya." Sai na ji kamar ke ce.

Ga abin da nake so. Tunda 'ya'yan tsohuwa suna nan, ki roƙe su kwana huɗu ki zo mu yi Kirsimeti tare. Rabonki da ƙasar nan tun jana'izar Baba. Na riga na yi magana da wani gidan baƙi mai kyau a layinmu, ɗakin ƙasa, ba hawa ba sauka, za ki ji daɗinsa. Paraschiva ta ce ita za ta naɗe kabeji da nama, ke ki tuƙa tuwon masara, don wai nata kullum da gudaji.

Ki ce e kawai.

'Yarki,
Ruxandra


Sibiu, 19 ga Janairu

Goggo,

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye ki.

Kirsimeti ta zo ta wuce, sabuwar shekara ta wuce, ba takarda. Na kira wayarki ranar Kirsimeti tana kashe. Na yi ta kira. Makon jiya wani namiji ya ɗauka, ya yi ta magana da Italiyanci, abin da na tsinta kawai shi ne sunanki da kalmar "ta tafi." Ta tafi ina?

Kin ce in na ji shiru kada in damu. Wata biyu da rabi ba shiru ba ne. Kullum sai na sauka na buɗe akwatin wasiƙu sau biyu, har Baba Ilarie ya daina yi mini ba'a.

In fushi kike, ki yi fushin a takarda.

Ruxandra


Sibiu, 13 ga Fabrairu

Goggo Veturia,

Wannan takardar ba ta gidan waya za ta zo miki ba. Na ba Dorin, direban ƙaramar motar da ke kai saƙo Italiya duk mako, ya yi mini alkawari hannu da hannu zai ba ki. Ta watan jiya ta dawo mini ba a buɗe ba. Ina fata kina lafiya. Ni ban san ko lafiya nake ba.

Ranar Asabar na je kasuwa, Paraschiva na hango ni ta bar masu saye a tsaye ta ja ni bayan rumfa. Ta ce, "Ke wace irin 'ya ce? Goggonki na kwana a bayan coci kina nan kina yawo a keke?"

Na ce wane coci?

Ta ce 'yar ƙanwar mijinta na aiki a Cuneo, ta gan ki ranar Lahadi a cocin mutanenmu. Wai Sinyora Ermelinda ta rasu tun tsakiyar Disamba. Wai 'ya'yanta sun sa gidan a kasuwa, kin tattara kayanki a jaka biyu. Wai kina wani ɗaki da coci ke ba matan da ke tsakanin aiki da aiki, ku huɗu, kina neman wani tsohon da za ki yi jinya. Da wannan gwiwar. Da shekara sittin da uku.

Na ce ban sani ba. Paraschiva ta dube ni ta ce, "Veturia ba ta ɓuya haka kawai. Tun muna 'yan mata, in aka taka ta ba ta ihu, janye ƙafa take yi. Me kika ce mata?"

Na ce ban ce komai ba.

Ta ce, "To ba-komai ɗin nan naki ya yi nauyi."

Na dawo gida na kasa aiki. Na ce wa shugabata ba ni da lafiya, karo na farko tun da na zo. Na yi ta juya abin da na rubuta miki a kaina, ban gano ba. Goggo, shekara tara kina tare da matar nan. Ke kika rufe mata ido, na tabbata. Kika yi wannan baƙin cikin ke kaɗai, kika yi Kirsimeti a ɗakin aro, alhali ina nan da gida. Me na yi? Ki faɗa mini ko da zagi ne. Dorin zai kwana biyu a can kafin ya juyo, zai jira amsa.

'Yarki, ko kin so ko kin ƙi,
Ruxandra


Cuneo, 17 ga Fabrairu

Ruxi,

Na gaishe ki. Ina lafiya, kada ki saurari ƙarin gishirin Paraschiva. Ɗakin na da tsabta, matan mutanen kirki ne, ɗaya ce kawai ke minshari. Direbanki na zaune a waje ya ce ba zai motsa ba sai da takarda, don haka zan rubuta da sauri.

Gaskiya ne, tsohuwa ta rasu ranar sha huɗu ga Disamba, da rana tsaka, hannunta cikin nawa. A ƙarshe ta manta sunan 'ya'yanta, nawa ne kawai ya rage mata. 'Ya'yan ba su yi mini wulaƙanci ba, sun yi godiya, sun yi kuka. Amma gida nasu ne, wayar ma tasu ce, na mayar. Na fito da jaka biyu kamar yadda na shiga.

Kin ce in faɗa. To. Lokacin da na tambaye ki ɗaki nawa ne, ba tambaya kawai nake yi ba, ƙarya na yi. Na ga tsohuwa na tafiya, na fara tunanin inda zan sa kaina. Gidanmu na Cisnădie an sayar tun bayan babanki. Na ce bari in ɗan taɓa ruwan in ji. Sai kika amsa: ɗaki na biyu ba mai shiga, ko wane ne. Kika ce daɗin duniya shi ne ki rufe ƙofa ki san ba kowa a bayanta. Na ce, Veturia, kin ji. Duk da haka zuciya ba ta da kunya, na ci gaba da sa rai. Sai takardarki ta Disamba ta zo, kwana biyar kafin rasuwar: kwana huɗu, a gidan baƙi. Nan na gane matsayina. Baƙuwa.

Ban yi fushi ba, Allah ya sani. Kin yi gaskiya ne. Na shafe shekara ashirin da biyu a ɗakunan mutane, na san yadda gida ke ƙunci in an ajiye tsohuwa a cikinsa. Na ga yadda 'ya'ya ke magana ƙasa-ƙasa a kicin. Na rantse ba zan zama abin da za a yi wa ƙasa-ƙasa ba, balle a gidanki. Ni da na bar ki kina shekara goma sha biyu, da wane ido zan zo in ce ki matsa mini?

Akwai wani tsoho a Saluzzo da ake nema wa mai jinya, an ce in je ranar Litinin. Ki zauna lafiya a garinki. Yadda kike ba da labarinsa, har na fara ganinsa a mafarki.

Goggonki,
Veturia


Sibiu, 21 ga Fabrairu

Goggona,

Na gaishe ki. Lafiyata lau tunda na ga rubutunki, ko da yake sai da na yi kuka a gaban Dorin a bakin titi.

Yanzu ki saurara, ki karanta sau ɗaya tak, kada ki nemi wata magana a ƙarƙashin magana. Dokar ƙofa saboda Baba Ilarie na kafa ta. Sau biyu yana faɗo mini da kwanon miya ina tsakiyar taro, mutum goma sha biyu na kallo daga Rotterdam, yana leƙa kwamfuta yana cewa, "Waɗannan ne ba sa ba ki abinci?" Gidan baƙi kuwa saboda gwiwarki ne, hawa uku ne ba na'urar hawa. Wauta ce, na yarda. Da na yi tunani da na san wadda ta yi shekaru tana kwana a gidan wasu ba gadon haya take marmari ba.

Maganar daɗin kaɗaici kuma, a Oktoba gaskiya ce. Yanzu akwai ranar da nake kaiwa yamma ban buɗe baki da kowa ba sai allo. Garin nan ya yi mini komai, amma ba ya jira na a gida. In na ga abu mai kyau a hanya, ba wanda zan shigo in ce wa, zo ki ji.

Kin ce kin bar ni. Ba ki bar ni ba, tafiya kika yi don in ci. Na san bambancin tun ina yarinya.

Jiya ni da Baba Ilarie muka fitar da teburin aiki muka kai ɗakina. Ya shiga daidai gefen taga. Ƙaramin ɗakin yanzu gado ne a ciki, da bargon ulu da Paraschiva ta aiko. Na kama miki kujerar gaba a motar Dorin ta ranar huɗu ga Maris.

In kuma kin ƙi shiga, ba komai. Kin manta irin aikina. Zan ɗauko kwamfuta in zo Cuneo, in shimfiɗa katifa a bayan cocin nan, mu zama mu biyar. Kwantenoni ba ruwansu da inda nake zaune. Zan bi ki Saluzzo, in bi ki duk gidan tsohon da kika shiga, har ki gaji. Kin san haɓar wa na gado.

'Yarki,
Ruxandra


Sibiu, 16 ga Mayu

Ruxi 'yata,

Na gaishe ki da kyau. Ina fata kin sauka Rotterdam lafiya, kuma sababbin ma'aikatan da aka ce ki koya wa aiki suna da kai. Mako uku ba kwana uku ba ne, ki riƙa cin abinci mai zafi. Ni lafiya. Gwiwa ta saba da matakala, ina hutawa a hawa na biyu, tsohon direban nan Ilarie kuma ya gane lokacin, kullum sai in tarar ya buɗe ƙofa wai iska yake sha.

Abin dariya, yau ni ce a Sibiu ina rubuta miki zuwa waje.

Tun da na zo a Maris kin yi ta ja na yawo ina ce miki na san garin. Ban san shi ba, tsoro nake ji. Da kika tafi na ce bari in fita ni kaɗai, ba mai kallon fuskata. Na tsallaka kogi, na bi ƙasan gari, na hau matakalan nan a hankali har dandali. Ruxi, kin yi gaskiya, kuma ba ki faɗi rabi ba. Na zauna a benci wajen awa guda. Yara na gudu cikin ruwan da ke tsartuwa daga ƙasa, iyayensu matasa na zaune suna hira da harshenmu, ba wanda ke da fuskar mai shirin tafiya. Abin da ban taɓa gani a garin nan ba ke nan. Lokacinmu duk wanda ka kalla, rabinsa ya riga ya shiga mota.

Ranar Alhamis ni da Paraschiva muka hau bas zuwa Cisnădie. Na share kabarin babanki, na dasa furanni, na kunna kyandir, na ba shi labarinki duka. Daga nan muka biya ta masaƙa. Na ɗauka zan yi kuka. Paraschiva ta nuna wata taga ta ce, "Nan kika zauna shekara goma sha ɗaya kina gulmar mutane." Na ce, "Da wa nake yi?" Muka yi ta dariya kamar mahaukata har wani mai gadi ya leƙo. Yanzu ranar Talata da Asabar ina taya ta zama a rumfa. Ta ce ina korar mata masu saye da baƙar magana, amma kullum cukun ƙarewa yake.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jiya da hantsi wayar da kika saya mini ta yi ƙara. Matar da ke samo mana aiki a Cuneo ce, ta karɓi lambar a coci. Ta ce akwai wata tsohuwa mai sauƙin hali, gida mai kyau, ɗaki nawa ni kaɗai, sun ji labarina sun ce ni suke so. Ta yi ta yabo na. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi, har na tsinci kaina ina duba inda na ajiye jakunkuna. Shekara ashirin da biyu in an kira ni tashi nake yi, jiki ya saba.

Na ce ta ba ni minti ɗaya. Na ajiye wayar a kan tebur, na tsaya a tsakiyar kicin. Wake na kan wuta. A ƙasa ana ta gardama a kan wanda ya bar ƙofar bene a buɗe, na gane muryar kowa. Na ɗauki wayar na ce ta ba wata, akwai mata uku a bayan coci da ke jira.

Ta ce, "To shi ke nan, ki huta tukuna. Amma yaushe za ki dawo?"

Na ce mata, "Ai na riga na dawo."

Goggonki,
Veturia